Soseji daga ragon Baffa

Ni 'yar kuku ce, kuma yau ko a gaban wa zan faɗe shi da babbar murya. Amma a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da aka kai ni ɗakin miji a Rikkos, cikin Jos, maganar nan nauyi take yi mini a baki. Babana ya daɗe yana dafa wa wani Bajamushe injiniyan kuza abinci, duk unguwarmu ta Gada Biyu an san haka. An kuma san abin da Turawa suke ci da abin da suke sha. Baba bai taɓa kai ko ɗigo bakinsa ba, salla ba ta wuce shi, amma wa zai bi mutane gida gida yana yi musu rantsuwa?

Surukina, wanda kowa a gidan ke kira Baffa, Bafulatani ne mai fataucin shanu. Mutum ne mai tsantseni, ba ya cin naman da bai san wanda ya yanka ba. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, Allah ya sani. Abu ɗaya ne kawai: ba ya cin girkina. Ƙanwarsa Gwaggo, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, ita ke yi masa tuwo. In na aika da nawa sai ya sa albarka, ya tura wa baƙi. Na fi shekara a haka. Gwaggo ce ta fasa mini dalili wata rana muna tsince shinkafa.

"Ke ma kin sani, 'yar nan," in ji ta. "Hannun da ya tashi a kicin ɗin Nasara, zuciya ba ta kwanciya da shi."

Wallahi maganar ta soke ni. Ba don kaina kaɗai ba, don Baba ta fi yi mini zafi. Na haɗiye a gabanta, amma ni ba mai haɗiye abu ya zauna ba ce.

Da babbar salla ta matso sai na yanke shawara. Ina yarinya nakan raka Baba wurin aiki ranar Lahadi, in tsaya bakin ƙofar kicin ina kallo. Bajamushen nan ya tara abokansa a lambu, Baba ya zuba musu soseji a tukunya, wato niƙaƙƙen nama da aka cusa cikin hanji, ya dafa shi sannu a hankali cikin giya da albasa, sannan ya gasa a kan gawayi. Da dogon cokali yake juyawa, yana kau da fuska. Ya taɓa gaya mini cewa aikin giyar bai wuce ta kashe maiƙo ta ba da ɗan tsami ba, kuma tsamiya ta fi ta iyawa. Ya taɓa yi mana da naman shanu da tsamiya a gida, muka lashe faranti.

Da na gaya wa maigidana abin da nake shirin yi, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Kin haukace? Abin da ake zarginki da shi, shi za ki dafa?"

"Shi fa," na ce. "A gaban idon Baffa, kuma da dabbar da ya yanka da hannunsa. In ya ƙi ci, to na san na gama nawa."

Baba ya so ya ba ni aron injinsa na niƙa nama, na ce a'a. Injin da ya fito daga gidan Bature, ko a wanke shi da sabulun duniya Baffa zai ce alade ya bi ta ciki. Komai sai na gidan Baffa: turminsa, wuƙarsa, tukunyarsa, har mazurarin da Gwaggo ke ɗura man gyaɗa da shi.

Ranar salla Baffa ya yanka sa da rago. A gidan ba a taɓa tsokar nama ranar farko, ana rataye shi ne ya kwana, kayan ciki kaɗai mata ke soyawa. Na je na durƙusa na roƙi Gwaggo ta bar mini ƙananan hanjin ragon. Ta kwashe da dariya.

"Ɗauki mana. Kowa na neman hanta, ke kina roƙon wankin ƙazanta."

Na kai shi bakin famfo. Ruwan Jos a wannan lokacin, kai! Yatsuna suka ƙandare har ban jin su. Na juya hanjin ciki ya koma waje, na kankare da bayan cokali a hankali don kada ya huje, na wanke da gishiri da lemon tsami har ya yi fari tas, ana ganin yatsa ta cikinsa. Na jiƙa shi a ruwan gishiri na rufe.

Washegari da hantsi aka sauke nama. A filin baya, inda ake ɗaure dabbobi, akwai wani mangwaro, a nan Baffa ke shimfiɗa buzunsa yana karɓar gaisuwar abokan fataucinsa. Ban je nesa ba. Na kawo turmi na dasa inda ko ya so ko bai so ba sai ya gan ni. Na faffalle jan naman sa, na haɗa da tozo don maiƙo, na yayyanka ƙanana, na kirɓa da masoro da citta da kanumfari da tafarnuwa da gishiri. Na zura hanjin a bakin mazurari, ina tura naman da babban yatsa, in ya kai tsawon tafin hannu in murɗe, in ci gaba. Baffa yana jan casbi yana hira, wai shi bai san ana yi ba. Amma na kama idonsa a kan turmin ba sau ɗaya ba.

Na tace jiƙaƙƙiyar tsamiya a tukunya, na zuba albasa mai yawa, na jera sosejin a ciki, na rage wuta don kada ya tafasa da ƙarfi ya fashe. Ruwan ya yi ja-ja, kumfa ta taso a sama. Daidai nan Gwaggo ta fito da kwanon soye a hannu. Ta leƙa tukunyar, ta ja da baya, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Giya! Giya a gidan nan, da sallar layya!"

Baffa ya daina jan casbi. Maigidana ya tsaya da mafici a hannu kamar an dasa shi. Ni kuwa jini ya hau mini ka. Na ɗauki ludayi na kamfato ruwan da zafinsa na kurɓa a gaban kowa. Ya ƙona mini harshe, ban nuna ba. Na sake kamfatowa na miƙa mata da hannu biyu.

"Gwaggo, tsamiyar ɗakinki ce. Ke kika ba ni jiya da hannunki."

Ta shinshina, ta tsoma yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska saboda tsami.

"To ai ba ki ce ba," in ji ta, ta juya.

Wani dattijo cikin baƙin ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Baffa bai yi ba, amma casbin ya ci gaba da tafiya.

Saura gashi. Maigidana ya yanko rabin duro ya ɗora waya a kai, kuma a wurinsa gashin nama aikin maza ne, ɗan masu shanu ba zai tsaya mace ta gasa nama a gaban baƙi ba. Kafin in gama tsame sosejin daga tukunya, ya tula gawayi ya hura wuta ta yi ja. Ya ɗauki soseji biyu ya tsattsaga su da wuƙa yadda ake yi wa balangu don yaji ya shiga, ya ɗora. Haba! Duk maiƙon da na sha wahalar tsarewa a ciki ya tsiyaye cikin wuta, harshen wuta ya tashi, kafin ka ce me sun zama gawayi.

"Maigida," na ce ƙasa ƙasa, haƙorana a cije, "wannan ba tsire ba ne. Don Allah ba ni wuri."

Ya dube ni, ya dubi aika-aikar da ya yi, ya miƙo mini maficin. Allah ya ji ƙansa, yana da wannan halin, in ya ga ya kwafsa ba ya gardama.

Na baje garwashin har ya kwanta, toka ta ɗan rufe shi. Na jera sosejin a gefe gefe, ina juya su da yatsu ina hura hannu. Fatar ta ɗame, ta yi ja, tana ɗan tsartuwa. Ƙanshin masoro da tozo ya cika filin har maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. A nan na san hannuna bai ci amanata ba. Abin da ban sani ba shi ne zuciyar Baffa.

Na jera a babban faranti, na zuba albasar tukunyar a kai, yaji a gefe. Na je na durƙusa na ajiye a gaban maza, na koma jikin katanga na sunkuyar da kai. Baƙi suka sa hannu. Ba ka jin komai sai taunawa da "madalla". Baffa bai motsa ba. Faranti kuwa sai raguwa yake yi.

"Alhaji," in ji dattijon nan mai dariya, "in ba ka ci, mu kam mun gode."

Baffa ya ɗauki guda ɗaya ya juya shi a hannu yadda yake duba haƙorin sa a kasuwar shanu. Suruki ba ya yi wa matar ɗansa magana kai tsaye a gaban mutane, don haka ɗansa ya duba.

"Tambaye ta, fatar nan ta mece ce?"

Ban jira an tambaye ni ba. "Hanjin ragonka ne, Baffa, wanda ka yanka jiya."

"Naman fa?"

"Naman sanka ne, da tozonsa."

Ya sake juya shi a hannu. Sannan ya ce, "Wa ya koya mata?"

Na ɗago kai. "Babana ne, Baffa. Kuku ne. Aikinsa ke nan."

Muryata ta fita fiye da yadda na yi nufi, har Gwaggo ta leƙo daga madafi. Baffa ya yi bisimilla ya gatsa. Fatar ta yi ƙas, romo ya zubo masa a gemu, ya sa hannu ya share. Ya tauna a hankali, idonsa a ƙasa. Ya cinye, ya miƙa hannu ya ɗauki wani.

Da ya gama ya wanke hannu, sai ya kira Gwaggo. Ta zo ta rusuna.

"Kin sha wahalar tuwona, Allah ya yi miki albarka. Ki huta haka nan," ya ce. "Daga daren yau 'yata ce za ta riƙa yi mini."

Na tashi na shige madafi, na cusa fuska cikin zanena mai warin hayaƙi na yi kuka mai isata. Sai da na ɗora ruwan tuwon Baffa na tuna ban ɗanɗana sosejin ba, kuma ko guda bai rage ba. Ko a jikina. Har Baffa ya koma ga Allah, girkin 'yar kuku yake ci.