Hodar Taya

Duk direban da tayarsa ta taɓa sacewa a Tsafe, a bakin titin da ya fito daga Gusau, ya san Bashiru mai faci. Dogo ne, baƙi, da ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a duƙe kan taya. Shekararsa ashirin da bakwai a gindin dogonyaro ɗaya, da injin iskarsa, da bahon ruwan da yake tsoma tiyub don gano huda. Facinsa ba ya dawowa, ba ya tsawwala kuɗi, sallah ba ta wuce shi. Mutumin kirki ne ƙwarai, matuƙar ba ka ambaci sunan ƙaninsa Lukuman ba. Da ka ambata, ka ɓata masa yini, kai ma ka ɓata naka, don sai ka tsaya ka saurara.

Abin ya samo asali tun daga Kucheri, inda aka haife su. Bashiru ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, in zai ci tuwo sai ta turo kwanon tana kallon bango. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san da ita, kowa ya haƙura. Ban da Bashiru, wanda ya ƙulle abin a ciki sai ka ce shi kaɗai aka taɓa haifa na fari a Zamfara. Lukuman kuwa auta ne, ga haske, ga zaƙin baki. Shi ake ajiye wa ƙanzo, shi ake goyawa har ƙafafunsa suna jan ƙasa.

Yana da shekara sha tara Bashiru ya bar noma ya tafi Gusau koyon faci wurin Joseph, wani mutumin Filato da ya daɗe a garin. Joseph ne ya koya masa barbaɗa farar hoda a jikin tiyub kafin a mayar da shi cikin taya, don kada roba ta manne da roba in hanya ta yi zafi. Duk lokacin da zai buɗe buhun hodar sai ya ɗaure hanci da ƙyalle. Da Bashiru ya yi masa dariya, sai ya ce, "Dutse ne mai laushi aka niƙa, talkum sunansa. Masu fenti suna saye, masu roba, masu takarda. Hodar fuska ma daga shi take, amma ita sai an zaɓa, an tace, an gwada. Wani ramin dutsen yakan zo gauraye da wani zare-zare da ake kira asbestos, in ya shiga huhu ba ya fita. Wannan ta buhu ba wanda ya gwada maka ita. Ta taya ce, ka bar ta a taya."

Da Bashiru ya kafa nasa wurin a Tsafe, Inna ta aiko masa da Lukuman ya koyi sana'a. Wata uku ya yi, ya ce aikin yana baƙanta hannu. Abu ɗaya ya burge shi a wurin, hodar nan. Yakan ɗiba ya murza a tsakanin yatsu yana jin santsinta. Daga nan ya koma Gusau ya kafa teburin jan baki da gazar da man shafawa. Tebur ya zama shago, shago ya zama biyu. Daga baya ya fito da hoda tasa ta kansa a 'yan robobi, mai ƙamshi, mai arha, ya sa mata sunan matarsa, Hodar Sa'adatu. Ya kama wani ɗaki a Bungudu inda mata suke ɗura masa ita. Kafin ka ce me, har ƙauyuka ana nemanta.

Tun daga nan bakin Bashiru bai huta ba. Lukuman ya sayi mota, Bashiru ya zagaya ta ya ce tayoyin gwanjo ne. Ya gina gida, Bashiru ya ce ginin ba zai ga damina biyar ba. Ya kai Inna Makka, Bashiru ya kwana biyu bai iya cin abinci ba, ya ce wai zazzaɓi ne. Duk azumi Lukuman yakan aiko masa da buhun shinkafa, shi kuma ya ci ya ƙoshi yana cewa akwai tsakuwa. Hassada ce tsagwaronta, ba wani suna da za a canza mata. Ya san da ita, yakan yi istigifari a kanta bayan sallah, ya fito masallaci ya ci gaba daga inda ya tsaya.

To, bara da bazara 'yarsa Amina, wadda ke aure a Wanke, ta haifi 'yarta ta fari, ta dawo gida wankan jego. Zafi ake kamar me, ƙuraje suka feso wa jaririyar a wuya. Lukuman ya aiko da katan guda na hodarsa, roba goma sha biyu. Safe da yamma, da an gama wanka, sai Dije matar Bashiru ta kwantar da jikanyar a cinya ta zazzaga mata hoda, wuya, hammata, ƙirji, har goshi. Ƙura ta tashi, yarinya ta yi atishawa, su fashe da dariya. Bashiru yana son yarinyar nan fiye da yadda yake iya faɗa. Ko tsawar direba ba ta taɓa sa shi ya taso daga aiki da wuri ba, amma don ita yana tasowa.

Tana da kwana ashirin a duniya hodar aikinsa ta ƙare, ya hau mota zuwa Gusau. Joseph ya tsufa, ya bar duƙawa, ya koma sayar da gam da faci da sauran kayan aiki. Bayan sun gaisa Bashiru ya ce a auna masa mudu biyu.

Joseph ya ce, "Sai dai wani satin. Ƙaninka ya kwashe buhu takwas shekaranjiya. Duk bayan wata biyu yana zuwa, ya ce wani mai haɗa fenti yake kai wa a Bungudu."

Buhu takwas, shi yana neman mudu biyu! Wannan ne ya fara sukar Bashiru. Sai da ya fito titi sannan kalmar Bungudu ta zauna masa. Bai koma Tsafe ba, ya tari motar Bungudu.

Ɗakin bai yi wuyar samu ba, ƙamshi ya kai shi. Mata huɗu ne a zaune a kan tabarma, ɗankwalinsu fari, gashin idonsu fari. Ɗaya tana tankaɗe da rariya, ɗaya tana yayyafa turare, biyu suna ɗurawa a robobi, ɗayarsu tana tari tana goge baki da gefen zane. Fenti kuwa ko gwangwani babu. A bayan ƙofa ga buhunan da aka zazzage an ninke, masu shuɗin rubutu, irin wanda ya fi shekara talatin yana gani. Ya ce shi yayan Alhaji ne, ya roƙi buhu ɗaya wai zai shimfiɗa a wurin aiki. Suka ba shi, har da gaisuwa.

A nan ne ya kamata a ce hankalinsa ya tashi. Ina! Daɗi ya ji, wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya. Shekara da shekaru yana ƙago wa yaron nan aibi, yau ga na gaskiya a ninke a hammatarsa. A cikin mota har kwandasta ya tambaye shi ko albishir aka yi masa. Sai da suka wuce Gusau sannan ya tuna da atishawar jaririyar. Bai san ko wannan buhun yana da zaren da Joseph ya faɗa ba. Abin da ya sani shi ne ba wanda ya gwada, kuma kullum sau biyu yarinyar take shaƙa.

Kowa ya san yadda babban wa yake yi in ƙane ya kauce. Ya kira shi zaure su biyu, ya faɗa masa. In ya ƙi ji, a kai maganar gaban Inna, ko gaban kawunnai. Bashiru ya san wannan sarai. Amma a zaure wa zai gani? Lukuman zai ce to, ya gyara a ɓoye, ya ci gaba da zama Alhajin Inna, ba wanda zai san cewa yau ɗaya Bashiru ne mai gaskiya. Saura kwana goma sha tara a ɗaura auren 'yar Lukuman a Kucheri, dangi kaf za su hallara. Sai ya cusa buhun a ƙarƙashin wata tsohuwar taya, ya ce sai ranar.

A gida kuwa ya kasa faɗa, don Dije da Sa'adatu ba sa ɓoye wa juna komai, da ta ji, gobe maganar tana Gusau. Iyakarsa ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ku dai rage hodar nan, ta yi yawa."

Dije ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To, Malam, ka fara. Hodar ma ba za ta tsira ba?"

Ya juya ya fita. Daga ranar ya koma fita tun kafin a ɗora ruwan wanka, ya daina tasowa da wuri. Kwana goma sha tara yana gaya wa kansa cewa 'yan kwanaki ba za su yi komai ba, yana kuma maimaita jawabinsa a kan tayoyin mutane.

Ranar ta zo. Aka ɗaura aure da hantsi a ƙofar gidansu na Kucheri, aka shafa fatiha, aka fara rabon goro da dabino. A cikin gida kuma mata suna karɓar robobin hoda kyauta. Bashiru ya miƙe, ya zaro buhun daga cikin babbar rigarsa, ya warware shi a gaban jama'a. Ya faɗi komai, kuma gaskiya ya faɗa: shagon Joseph, buhu takwas, ƙaryar mai fenti, matan Bungudu, zaren da ba ya fita daga huhu. Abin da bai sani ba shi ne murmushi yake yi. Duk wanda yake wurin ya gani.

Lukuman bai tashi daga kan darduma ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, yaushe ka je Bungudu?"

Bashiru ya ce, "Yau kwana goma sha tara." Har da ɗan alfahari ya faɗa.

Lukuman ya ce, "Jikanyarka tana gidanka, ni na aika mata da katan. A kwanakin nan ka hana a shafa mata?"

Lukuman ya juya wajen jama'a ya ce, "Da ya yarda da abin da yake faɗa, da tun ranar ya hana. Ku yi wa yayana uzuri, kun san mu." Ko buhun bai kalla ba, ba kuma wanda ya ce ya kalla. Wani kawunsu ya kama hannun Bashiru ya ja shi gefe yana cewa, "Haba, Bashiru, ranar auren ɗiyarka? Ai ɗiyar ƙaninka ɗiyarka ce." Aka ci gaba da rabon goro.

Washegari da safe bai fita aiki ba. Ranar ce Amina ta cika arba'in, an ɗaure kayanta, mijinta ya turo mota daga Wanke. Bashiru ya jira aka gama wanka, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin daga waje, ya kira ta. Ta fito da robar hoda a hannu, ta durƙusa.

Ya ce, "Amina, wallahi maganar jiya gaskiya ce. Hodar taya ce, ita nake zuba wa tiyub. Na yi laifi da na yi shiru, laifin nawa ne. Ki zage ni a ranki in kin so, amma kada ki ƙara shafa wa yarinyar nan. Ki tambayi ko wace ma'aikaciyar asibiti, ko mai kyau ce ba a son jariri ya shaƙa." Wannan karon ba murmushi.

Amina ta sunkuyar da kai. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Ta ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri. Da wani ne ya faɗa mini, da tun jiya na zubar."

Ta miƙo masa robar da hannu biyu, don kada ta bar shi a tsaye haka nan. Ya karɓa, ya ji ba nauyi, ta kusa ƙarewa. Sauran suna cikin katan, an riga an ɗaure shi a bayan mota tare da bahon wanka. Dije ta fito da jaririyar, wuyanta fari fat, ta miƙa wa uwarta, direba ya tayar da mota suka kama hanyar Wanke.