Tudun da na zaɓa wa mutane ban taɓa taka shi ba

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokin aikina da direbanmu, wata Talata a tsakiyar Agusta. Tun a Hotoro gari ya yi luf, amma ni ko a jikina, don a raina yawon karɓar yabo zan je.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, taswira nake haɗa wa wata 'yar ƙungiya a kwamfuta. Bana aka ce in nemo wa mutanen bakin kogin Wudil inda za su gudu idan ambaliya ta zo. Yadda ake yi, taswira ake ɗorawa a kan taswira: ta kogi, ta tudu da kwarin ƙasa, ta gidajen mutane. Na ja wa kogin iyaka, mita ɗari biyar kowane gefe, na ce duk abin da ya faɗa ciki haɗari ne. A cikin abin da ya rage na sa kwamfuta ta zaɓo wurin da ya fi tudu kuma ya fi kusa da gidaje. Ta zaɓo, na shafa masa kore, aka buga allo da koriyar kibiya aka kafa a bakin ƙauyen da ke kusa. Hoton allon nan da na tudun za mu je ɗauka don rahoto. Ni dai ban taɓa zuwa wurin ba.

Daga Mariri muka shiga jerin tireloli, direbanmu yana ta tsaki yana yi musu wa'azin da ba sa ji. A Wudil muka tsaya karyawa. Na taya wani ɗan soyayyen kifi, mai kifin ta ce dubu biyu. Na ce Hajiya, a jirgin sama aka kawo shi? Ta ce ruwa ya cika, masunta ba sa kamu, in na iya in shiga in kamo na ɗari biyar. Na saya. Da muka hau gada na leƙa ƙasa, sai wasan ya fita daga raina. Ruwan jajawur, yana tafe da kainuwa da rassan itace, ya shanye duk yashin da na saba gani.

Mun sauka daga kwalta ta wajen Kausani, muka yi ta kokawa da laka har ƙauyen. Gero ya fi mutum tsayi, shinkafa kore shar a fadama. Muka gaisa da mai unguwa, gaisuwar da sai da aka tambayi lafiyar kowa har ruwan Kano, sannan ya haɗa mu da wani dattijo mai dogon gora ya raka mu. A gindin allon dattijon ya dube ni ya ce, “Malama, ke ce mai wannan?” Na ce ni ce, Baba, har da ɗan murmushina. Ya ce to madalla, ya wuce gaba.

Hanyar ta ratsa gonaki, ta gangara wani faffaɗan kwari mai yashi, ruwansa iya idon sawu. Na tattare zanina na tsallake ina hira. Tudun kuwa ba laifi, ga tsamiya biyu, ga fili da zai ɗauki ƙauyen gaba ɗaya. Na duba na'urar hannuna, tsayin ya yi daidai da lissafina, na ce wa abokin aikina ya ga aikin manya. Mun fi awa guda muna hotuna da awo. Dattijon bai zauna ba, sai waiwaye yake.

Can ya ce, “Ku gama mu koma, an yi ruwa can yamma da mu.” Na ce Baba ai ko ɗigo bai taɓa mu ba. Ya ce ba na sama yake tsoro ba. Kwarin nan da muka tsallako tsohuwar hanyar kogi ce, idan kogi ya cika nan yake fara shiga tun kafin ya taɓa gida ko ɗaya. Nan take na gano kuskurena. Hoton tauraron ɗan'adam da na yi aiki da shi na rani ne, kwarin a bushe yake kamar gona. Kwamfuta kuma miƙaƙƙen layi ta auna daga gidaje zuwa tudu, ba ruwanta da abin da ƙafa za ta taka a tsakani, don ban tambaye ta ba.

Da muka dawo bakin kwarin ban gane shi ba. Ya koma kogi sosai, yana gudu yana kumfa. Dattijon ya ce in za a wuce yanzu ne, an jima kaɗan sai dai mu kwana biyu a nan. Ni 'yar birni ce, ban iya iyo ba ko a mafarki. Na ƙulle waya da na'ura a mayafi na ɗaure a ka. Ya miƙo mini bakin gorarsa ya ce, “Riƙe da hannu biyu, 'yata. Kar ki kalli ruwa, ki kalli giginyar can.”

Ruwa ya kawo gwiwa, ya kawo ƙugu, ya kawo ƙirji. Sanyinsa ya ɗauke mini numfashi. Duk inda na sa ƙafa yashi sai ya zame daga ƙarƙashina. Wani reshe mai ƙaya ya doke ni a haƙarƙari, ƙafata ɗaya ta tashi, wallahi na sallama. Babu addu'ar da ban kama ba, ko ɗaya ban kai ƙarshenta ba. A tsakiyar nan ne na tuna cewa ni babu goyo a bayana, babu tsohuwa a hannuna, ga rana tsaka, ga mai ja na. Kuma nan ne daidai inda kibiyata ta ce mata da yara su bi.

Mun fita da ikon Allah, abokin aikina ba takalmi ɗaya, muka koma ƙauyen. Matan gidan mai unguwa suka ba ni zani, suka hura mini wuta, suka dama fura, ba wadda ta yi mini dariya, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Na tambayi dattijon me ya sa ba wanda ya yi magana tun da aka kafa allon. Ya ce su 'yan gari sun san wurin, ba za su bi ba. Amma akwai baƙi masu aikin shinkafa, akwai amaren da aka kawo daga wasu garuruwa, akwai 'yan boko masu cewa na'ura ba ta ƙarya. “Kuma abin da ya zo daga birni da tambari a jiki, wa zai ce a cire?” Na ce ni zan ce. Direba da abokin aikina suka jijjige allon muka jefa a bayan mota.

Mun iso gida bayan la'asar. Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa: kusa a taswira daban, kusa a ƙafa daban, kuma wanda bai taka ƙasa ba bai isa ya nuna wa masu ita hanya ba.

Ko wanka ban yi ba na buɗe kwamfuta, don da wannan lissafin na zaɓa wa wasu ƙauyuka huɗu nasu tudun, duk an kafa musu allo. Na kira shugabanmu na ce kuskurena ne, a cire su duka. Biyu mun cire. Biyu mota ba ta shiga yanzu, kuma wayar masu unguwannin ba ta tafiya. Don Allah, duk mai ɗan'uwa a ƙauyukan bakin kogin Wudil ya kira shi yau, ya ce idan ruwa ya zo kada ya bi koriyar kibiya, ya bi dattijan garin. Yanzu haka da nake rubutun nan ruwa ake yi.