Hannu Mai Rawa a Dajin Thattekad

A rumfar da muke laɓewa don ɗaukar hoton tsuntsaye, wani dattijo na zaune gefena, ya naɗe farin zanensa zuwa gwiwa, yana ƙamshin man zafi. Kyamararsa ta tsufa amma tsaf take, da gani ya daɗe a harkar. Sai dai hannunsa rawa yake. Ga duhun itatuwa, ƙiris ka motsa hoto ya lalace.

Kavi, ɗan tsuntsun nan mai koren baya, ya sauka bakin ruwa.

Na raɗa masa, "Baba, in danna maka?"

"In ka danna, ai naka ne."

Ya danna da kansa. Kore ne kawai ya fito, dishi-dishi. Ya daɗe yana kallon hoton.

Ya ce, "Ni dai na gane shi."