Zalia Mai Koko da Jinin Gidansu

Duk wanda ya saba bin bakin babbar kwatar unguwar Nima da safe ya san Zalia mai koko. Mace ce doguwa, marar yawan magana, tana zuba koko kamar mai tsoron kada ya ji ciwo.

Kakanta falken goro ne. Daga ƙasar Katsina suka taso shi da abokansa, suka yi zama a Sabon Zongo, daga baya suka dawo Nima suka kafa gidaje jikin juna. Tun daga lokacin ba sa kai 'ya waje, ba sa ɗauko ta waje. Wannan gida ya ba wancan, wancan ya ba na gaba, tuwona maina. Har alfahari suke da dogon wuya da wushiryar da ake gane 'ya'yansu da ita a kasuwa.

Ba wanda ya tilasta wa Zalia. Muftahu tela, ɗan goggonta, shi ne abokin wasanta tun suna yara, kuma daga tsokana abin ya zama so. Ranar bikinsu ba a yi hayar mota ba, don ƙofa uku ce tsakanin gidan amarya da na ango.

Ɗansu na fari, Abass, bai kai ga rarrafe ba hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura. In damina ta sauka da sanyinta, sai ya yi ta ihu yana riƙe ƙashinsa. Tsofaffi suka ce amosani ne, aka yi turare, aka sha rubutu. Bai kai shiga makarantar allo ba ya koma. Fa'iza ta biyo baya lafiya ƙalau, har Zalia ta fara sakin jiki. Sai aka haifi Saddique, idanunsa suka soma yin ruwan ɗorawa kamar na wansa.

Wannan karon asibiti ta nufa. Wata likita mai furfura ta ɗebi jinin yaron, ta ce a kira uban shi ma. Da sakamako ya fito ta zaunar da su.

"Sikila ce," in ji ta. "Ke kina ɗauke da rabinta, shi yana ɗauke da rabi, shi ya sa ku ba kwa ciwo. Yaron da ya gaji rabi biyun shi ke shan wuya. Ku 'yan uwa ne?"

Muftahu ya ce, "Duk unguwarmu 'yan uwa ne."

Likitar ta gyaɗa kai. "Ana samun ta ko tsakanin bare. Amma mutanen da ke zaune wuri ɗaya suna aure a junansu, abin da ke cikin jininsu ba ya fita, zagayawa yake yi a tsakaninsu, mai kyau da marar kyau. Haka yake ga tumakin garke ɗaya, haka ga kifin tafki ɗaya. Ba laifin kowa ba ne."

A hanyar gida Zalia ta dinga tuno matan danginsu da ake ce wa masu wabi. Kusan kowane gida da tasa. Ashe ba maita ba ce, ba kuma bakin maƙiya ba.

Muftahu ya ce, "Zalia, da mun sani fa?"

"Da mun sani, da ka bar ni?"

Suka ci gaba da tafiya gida. Daga Saddique ba su ƙara haihuwa ba.

Saddique ya yi tsawon rai fiye da wansa. Yaro ne mai barkwanci, mai son ƙwallo, ko da yake iyakarsa kallo daga gefen fili. In ciwo ya taso yakan ce, "Mma, kada ki yi kuka, baƙona ne ya zo, zai tafi." Ya fara tsiro gemu, yana koyon ɗinki a shagon ubansa, wata damina baƙon ya zo ya tafi da shi. Muftahu bai ƙara zama daidai ba. Keken ɗinki ya yi tsatsa, shi ma ba a jima ba ya bi ɗansa.

Fa'iza kaɗai ta rage mata. Da ta isa aure, sai ga Nashiru, jikan ƙanen baban Zalia, mai gyaran waya, yaro mai kunya da ladabi. Dangi suka yi murna. Zalia ta ce ba za a karɓi goro ba sai an gwada jini.

Kawunta ya ce, "Yaushe muka fara tambayar kwalba kafin mu aurar da 'ya? Rai na Allah ne."

Ta ce, "Na Allah ne, Kawu. Amma ni na riƙe guda biyu suna murƙususu a cinyata."

Aka gwada. Dukansu biyu suna ɗauke da rabi.

Fa'iza ta durƙusa gabanta tana kuka. "Mma, ai ni na fito lafiya. Wataƙila namu ma su fito lafiya."

"Wataƙila," in ji Zalia. "Ni ma da wataƙila na haifi Saddique."

Maganar aure ta mutu. Wasu dangin suka daina gaishe ta, suka ce ta raba zumunci. Bayan wasu shekaru Fa'iza ta auri wani malamin makaranta Badagombe, ɗan wata ƙabila daban, suka tare a unguwar Malam, can hanyar Winneba. 'Ya'yanta ƙosassu ne, ba wanda ya taɓa kwana asibiti. Tana kawo su da salla, tana yi wa uwarta duk abin da ya kamata, amma hirar da suke yi a da, kai da kai a kan tabarma, ba ta dawo ba.

Nashiru bai yi aure ba har yau. Kowace safiya yakan tsaya a gaban tukunyar, ya ɗan rusuna.

"Ina kwana, Goggo."

"Lafiya lau, ɗana."

Sai ta zuba masa, ta ƙara masa ƙosai a kai, ba tare da ta iya ɗaga ido ta dube shi ba.