Duwatsun da Na Ɗauka Masallaci Ne

Ana kiran assalatu muka bar unguwar Madinat Khalifa a Doha zuwa filin jirgi, ni da kafil ɗina, wato ubangidana, da iyalinsa. Ni direbansu ne, shi ya sa suka tafi da ni Scotland hutun zafi. A hanya ban daina laluba aljihu ina taɓa fasfo ba.

Daga jirgin sama muka hau mota, daga mota sai jirgin ruwa, har wani ɗan tsibiri. Titinsa mota ɗaya yake ci, in kun haɗu da wata sai ɗaya ya raɓe. Tumaki sun fi mutane yawa, kuma ba sa kaucewa. Da na juya kuɗin shayi zuwa riyal, ƙishirwar da kanta ta tafi. Abinci kuwa kifi da dankali kawai na yarda da su, su ma sai da na tambayi man suyar.

Ƙauyen da muka je gani tsit yake, sai kukan iska. Gidajen na dutse ne, rufin ciyawa, an ɗaure da igiya an rataya duwatsu don kada iska ta yaye. Yawancinsu kango ne, masu su sun yi ƙaura tuntuni. Ɗaya aka gyara ya zama gidan tarihi, wata tsohuwa ke kula da shi. A nan na ga baƙar ƙasar da suke yankawa su shanya su hura wuta da ita.

La'asar ta yi suna ciki suna kallo, ni kuwa ba na iya jinkirta sallah. Na zaga wajen bakin teku, sai ga fili mai ciyawa da ƙananan duwatsu a jere, kamar yadda muke jera su a bakin gona mu ce nan ne masallaci. Har daɗi na ji. Na duba alƙibla a waya na tayar.

Ina sujada na ji ƙasar ta yi laushi da yawa, sanyinta har cikin goshi. Hazo ya taso daga teku ya rufe gidajen. Da na sallame, tsohuwar nan na tsaye a bayana, ban ji zuwanta ba.

"Ɗana, ka san su ne?" in ji ta.

"Su wa, Mama?"

"Waɗanda teku ya kawo. Ba a san sunansu ba, ba a san ƙasarsu ba. Kakanninmu suka binne su, kowa da dutsensa. Na ɗauka naka ka zo nema."

Ashe haka ne. A kan kaburbura na yi sallah. Da na faɗa wa kafil, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ai ba ka sani ba. Yalla, mu tafi." Hankalina bai kwanta ba, sai da na sake sallar a cikin jirgin ruwa.

Muna dawowa Doha na je unguwar Abu Hamour wurin wani malami ɗan Ghana, na ba shi labari. Ya ce tunda na sake, magana ta ƙare. Na ce to mutanen fa, in yi musu addu'a, ban san addininsu ba? Sai ya ce Allah ya san nasa.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: kafin in shimfiɗa darduma a ƙasar mutane, sai na tambayi wa ke kwance a ƙarƙashi.