Faretin da Kofur Ya Yi Shi Kaɗai

A gidan hayarmu na Dakata ba a yi wa namiji magana ta bayansa. Ba wanda ya kafa dokar, haka muka tarar, haka muka ɗora. Mazan gidan kusan duk a masaƙun Bompai suke aiki, inda injuna ke ruri wuni guda, su kuwa suna hira da leɓe da hannu. In miji ya dawo, sai ki zagayo gabansa, ki ɗaga murya, ki ce tuwo ya sauka. Baƙuwa in ta shigo sai ta zaci faɗa ake yi. Ba mu taɓa ɗaukar nauyin kunnen nasu a matsayin ciwo ba. Ni har cewa nake miskilanci ne irin na maza.

Maigidana ɗan sanda ne, da igiya biyu a hannun riga, lokacin da aka kai ni ɗakinsa. Ya ajiye aikin ne da mahaifinsa ya kwanta ciwo a ƙauye, ba mai jinya, ba mai noma. Tsohon ya rasu, fari ya cinye gonar, muka dawo birni ya shiga masaƙa. Amma ba wanda ya daina ce masa Kofur, har ni. Sunansa na yanka kam ban taɓa furta shi ba, haka aka rene mu. Ko yaron maƙwabta da ya ci sunan, mai sunan Malam nake kiransa.

Shekaru ya yi a gaban injin saƙa, zuciyarsa tana wajen kaki. Takalman aikinsa suna ƙarƙashin gado, duk Juma'a sai ya jawo su ya goge. Nakan ce, "Kofur, waɗannan takalma sun fi ni gata." Sai ya yi dariya ya ci gaba da gugarsa.

Da masaƙa ta fara sallamar ma'aikata, aka ji labarin za a karɓi tsofaffin 'yan sandan da suka bar aiki ba da laifi ba. Sharaɗin guda ne: duk daɗewarka a da, sai ka koma makarantar horo ka sake komai daga tushe, har fareti, tare da sababbin ɗauka. Wasu suka ce raini ne. Shi kuwa ranar kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Likita ya duba shi, ya zaunar da shi a gabansa ya yi masa tambayoyi, ya amsa tsaf, aka ce lafiyarsa lau.

Tsakar gida ta zama filin fareti. Ya koya mini kalmomin, na zama samanja da zani a ƙirji. In tsaya a gabansa in daka tsawa, "Abautan!" Ya juya fir, ƙafa ta daki ƙasa har kaji su watse. Matan gida suna leƙe suna guɗa. Wallahi ko sau ɗaya bai kuskure ba, ni kuma ina ta fankama. Duk cikinmu ba wadda ta yi tunanin in koma bayansa in gwada. Wa ke yi wa namiji magana ta baya?

Na soya masa dambun nama, na sa wa kayansa sitaci, na goge da dutsen guga na gawayi har hannuna ya yi bororo. Ya tafi da akwatinsa na ƙarfe a ka, yana tafiya kamar saurayi.

An ce sai bayan watanni. Wata bai cika ba, da hantsi ina surfe, na ga akwatin ya shigo zaure a kan Kofur. Bai yi wa kowa sallama ba. Na bi shi ɗaki da ruwa, na durƙusa a gabansa yadda zai ga bakina.

"Kofur, lafiya? Hutu aka ba ku?"

Sai da ya shanye ruwan sannan ya yi magana. Ya ce kwanakin farko a layin tsakiya yake, yana kallon ƙafar na gabansa, ba wanda ya gane komai. Samanjansu, wanda a da ƙaraminsa ne a aiki, ya yaba da takunsa, ya ce ya dawo sahun gaba yara su koya. Suna maci, samanja yana can baya. Aka ba da umarni, kowa ya juya.

"Ni kaɗai na ci gaba," in ji shi. "Ƙirji a gaba, hannu yana tashi daidai. Ina jin daɗin kaina. Sai da na kusa wayar shingen filin na ga ba inuwar kowa a gefena. Na waiga, yara sa'annin ɗanmu sun riƙe ciki. Ko dariyar ban ji ba, ganinta na yi."

Samanjan bai yi dariya ba. Ya biyo shi har bakin waya, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Yaya, mu je wajen likita." Wannan karon likitan ta baya ya tsaya, shi ke nan aka sallamo shi gida.

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga, masaƙar ko samanjan da ya yi masa gatan da ya tona masa asiri. Na ce ƙarya suke, iska ce ta ɗauke muryar, filin ne ya yi faɗi. Ya daɗe yana kallon bakina. Na ga yana so ya yarda, abin da ya fi ƙona min rai ke nan har yau.

Ya miƙe, ya fita tsakar gida, ya fuskanci katanga, ya haɗa ƙafafu.

"Koma bayana, bakin rijiya," ya ce. "Ki kira ni."

Na je na tsaya. Na ce, "Kofur." Shiru. Na ɗaga murya, "Kofur!" Matan gida suka fito ƙofofinsu. Ban san lokacin da abin ya kuɓuce mini ba, na buɗe maƙogwaro na kwaɗa masa kira da sunansa na yanka, sunan da na ɓoye a bakina tun ina amarya. Wata ta rufe baki. Mai sunan Malam ya shigo da gudu daga waje, yana tambayar wa ke nemansa.

Shi kuwa yana tsaye, kafaɗu a miƙe, fuska ga katanga.

"To, ki kira mana," ya ce. "Ina jira."