Wanne Ne Tsohon Sito?

Kullum da sassafe, kafin taraktoci su tashi, Baba Mai Faci kan zagaya gine-ginen gandun da bokitin kwaɓi, yana shafa bango kamar mai duba zazzaɓin jikansa. Inda ya ga tsaga, ya toshe. Tun gashinsa na baƙi yake wannan aiki, ga shi ƙarshen watan nan zai ajiye cokalin gini.

Sunayen gandun nan kuwa sai su juya wa baƙo kai. Gidan Dawaki takin zamani ne cike a ciki. Ɗakin Madara ya zama gareji. Katafaren ginin dutsen da ya girmi kakan kowa shi ake kira Sabon Sito, don sabo ne ranar da aka raɗa masa suna. Tsohon Sito kuma wata rumfar kwano ce ta jiya-jiya, da aka kafa a kangon wani sito da ya ƙone.

Bara sabon manaja ya ga ginin dutsen ya tare wa manyan motoci hanya, ya ce a rushe tsohon sito, ya shige gari. Direban katafila ya iso, ya tarar da Baba yana faci.

"Baba, ina tsohon siton yake?"

Baba ya tsaya da cokali a sama. Ya dubi bangon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jikinsa, ya dubi rumfar. Kansa ya ɗaure. Tsoho a suna ake nufi, ko tsoho a shekaru? Can ya ɗaga hannu ya nuna rumfar.

Da yamma manaja ya dawo ya tarar da kwanuka a ƙasa, dutse na tsaye.

"Baba, me ke nan? Wancan fa na ce!"

"Ranka ya daɗe, wancan ai Sabo ne."

"Sabo? Ginin da ya girme ka?"

"Shi ya sa nake ta masa faci, kada ya tsufa."

Manaja ya dafe kai, ya juya ya tafi. Baba ya shafe makonni yana jiran kora, ko abinci ba ya masa daɗi. Kafin katafila ta dawo, labari ya kai wa masu gandun, suka zo suka ga ginin kakannin-kakanninsu, suka ce a karkatar da hanyar ta baya.

Har yau ma'aikata na gardama: ruɗewa ya yi, ko wayo? Da 'yarsa ta matsa masa, cewa ya yi, "Wallahi uwata, ni ma ban sani ba. Hannun ne ya riga ni."

Kai ne mai hana dutse tsufa, Baba. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, duk wanda aka ba amanar abu, ya riƙe shi irin riƙonka, ta yadda ko kansa ya ɗaure, hannunsa ba zai nuna shi ga katafila ba.